Famfon Bayan Zaure

Ni daga Dogo aka kawo ni. Ruwan da na sani kafin aure na rijiya ne, wanda sai tafin hannunka ya yi kanta kafin ka sha. Da aka kai ni gidan miji a Birni, cikin Damagaram, na ga famfo a gida, sai na ce a raina shi ke nan, na gama shan wahalar duniya. Ashe ban san famfon Damagaram ba. Yakan yi kwana da kwanaki ko ɗigo babu, ranar da ya ga dama kuma ya yi tari kamar tsohon da ya sha taba, ya fesar da iska, sannan ruwa ya biyo baya.

Gidan babba ne, na Barebarin da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna. 'Ya'ya maza huɗu, kowa da sashensa da iyalinsa, mijina shi ne auta. Mahaifinsu ya rasu tun kafin in zo. Sai uwarsu, wadda kowa ke ce wa Iya, har mutanen unguwa. Ni kuwa tun ranar da na zo ta sa mini 'yar Dogo, har na yi furfura ba ta sauya ba. Idan na zuba gishiri da yawa a miya sai ta ce, “Ba laifinki ba ne, a garinku sai da salla ake ganinsa.” Ni ma ba na barin ta ta kwana, sai in ce ai da geron garinmu aka yi kitsen da take taƙama da shi.

Famfo ɗaya ne a gidan gaba ɗaya, kuma ba a cikin gida yake ba. Lokacin da marigayin ya jawo ruwa, sai ya sa aka kafa shi a filin da ke bayan zaure, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, kafin a shiga sassan iyali. Da gangan ya yi haka, don matan maƙwabta su riƙa ɗiba ba tare da sun ratsa ta gaban mazan gida ba. Nan ne wurin zaman Iya. Da hantsi ya yi za a shimfiɗa mata tabarma, ta fito da kaskonta da kwalabenta, don sana'arta haɗa turaren wuta. Ko akwai ruwa ko babu, layin bokitai da bido, wato jarkokin ruwa, yana nan, kowane yana riƙe wa mai shi wuri. Da famfo ya yi tarin nan nasa, Iya za ta ɗaga murya ta bayan katanga, kafin ka ce me fili ya cika da mata.

Ita ke raba layi, kuma hukuncinta ba ya da ɗaukaka ƙara. Mai jego ce farko, sai mai tsohon ciki, sai gidan da aka yi rashi. Mu matan gida ma a layi muke, ba ta san wata surukuta ba a wannan wuri. Tana raba ruwa, tana sayar da turare, tana sasanta waɗanda suka yi faɗa jiya, tana yi wa kowa “lale, lale.” Wata rana na tambaye ta ko ba ta gajiya da hayaniyar nan. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

“'Yar Dogo,” ta ce, “duk bokitin da ya fita ta zauren nan, sanyinsa kabarin malam maigidana yake zuwa. Ni abin da ya rage mini in yi masa ke nan.”

Saboda haka ne idan faktir ta zo, wato takardar kuɗin ruwa, kashi biyar ake yi. Kowane ɗa da kashinsa, na biyar na Iya ne, daga cinikin turarenta. An yi an yi ta bari ta ƙi. Ta ce wanda bai biya ba ba shi da bakin cewa ya yi sadaka.

Haka na tarar, haka muka yi shekaru. Sai iyali suka yi yawa, faktir ta riƙa zuwa da nauyi, gunaguni ya fara. Na biyu a cikin yayyen mijina yana kiwon raguna, kullum ana yi musu wanka kamar za a kai su gidan biki. Matar na uku ta sayi firiji, tana ƙulla ƙanƙara da lamurje tana sayarwa. Ni kuma Allah ya ba ni 'ya'ya a jere, igiyar shanyata ba ta taɓa zama babu kaya ba. Kowa na ganin ɗan'uwansa ne ke shanye ruwan, shi yana biya. Zancen maƙwabta kuwa babu wanda ya furta, don kowa ya san taɓa su taɓa Iya ne, amma yana nan ƙarƙashin harshen kowa.

A cikin wannan hali babban wansu ya ajiye aiki a Yamai ya dawo gida. Mutum ne mai tsari, wanda ko takalminsa a jere yake ajiyewa, kuma ba na jin akwai wanda ya kai shi son Iya. Sai dai shi ne ɗan fari, Iya kuwa mutumiyar da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, kakarsa ce ma ta goya shi. “Wancan” take ce masa. Kullum da safe zai zo ya tsuguna a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta kawar da kai ta amsa wa bango. Daga “lafiya lau” babu ƙari. In tana da magana da shi sai ta ba wani, wanin ya kai. Mu a lokacin abin burge mu yake yi, muna cewa ga kunya irin ta manya.

Shi ya tara ƙannensa a zaure wata Juma'a bayan an sauko. Mu mata ba a kira mu ba, amma dai kowace ta sami abin yi a kusa da katanga. Ni tsintar shinkafa na fake da ita, na tsince ta har ta gaji. Ya ce maganin rigimar nan ɗaya ne: kowane sashe a ja masa famfonsa, a sa masa kontar, na'urar nan mai ƙirga ruwa, kowa ya biya abin da ya sha.

Mai raguna ya yi tsalle ya dire. “Kontar a cikin gida ɗaya, Yaya? To gobe sai a sa wa tukwane kwaɗo. Kuma ni na gani a gidan abokina, ko ruwa bai zo ba, iskar da famfo ke hurowa juya abin take yi. Iska za mu riƙa saye?”

Na uku ya ce, “Gara in sayi iska da in riƙa yi wa ragunan wani wanka.”

Nan fa aka hau sama. Aka tono maganar gado, aka tono wata katanga da aka gina tun ina amarya. Mijina, da yake auta ne, ya raɓe a gefe. Ni a raina ba na son kontar ɗin, kuma ba don kirki ba, na san yawan wankina. Rigimar ba ta ƙare ran nan ba, ta yi makonni. Matan gida muka daina aika wa juna miya. Daga ƙarshe babban ya yanke: za a sa. Famfon bayan zaure kuma za a cire shi, tunda in an bar shi ba a san wanda zai ɗauki nauyinsa ba, rigimar za ta dawo sabuwa. Iya kuwa za a kafa mata nata a bakin ƙofar ɗakinta, shi zai riƙa biya. Na ji shi da kunnena yana cewa, “Ina raye uwata ba za ta sake biyan kuɗin ruwa ba. Ta huta da zaman rana da surutun mata.” Shi a ganinsa gata ya yi mata wanda ya daɗe yana son yi.

Babu wanda ya tambayi Iya. Ba a kai wa uwa rigimar 'ya'ya, haka aka ce. Amma labari ya isa gare ta, a wurin da take zaune babu abin da ba ya isa. Washegari ina wucewa da tulu ta kira ni. Ba ta tsokane ni ba, daga nan na san da magana.

“Ki gaya wa mijinki ya gaya wa wancan,” ta ce, “famfon nan ba nasu ba ne. Na malam ne. Su sa abin ƙirgensu a inda suka ga dama, amma wannan kada a taɓa shi. Ni zan biya, ko da zan sayar da zannuwana.”

Na kai saƙon nan yadda aka ba ni, ban rage ko wasali ba. Mijina ya sosa ƙeya, ya ce to. Tsakaninsa da babban wansu akwai shekaru masu yawa, kamar uba yake a wurinsa, ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Da yamma ya dawo ya ce mini ya faɗa. Na koma na ce wa Iya an faɗa.

Bayan 'yan kwanaki masu aiki suka zo da diga da tiyo. Suka farfasa tsakar gida, suka ja wa kowa layinsa, suka kafa akwatunan kontar. Iya na zaune a tabarmarta suka zo kan famfon bayan zaure, ɗayansu ya ce, “Iya, a ɗan matsa kada ƙasa ta zubo miki.” Ta tattara kwalabenta da kanta, ta ƙi bari in taya ta, ta shige ciki. A saninta ɗanta ya ji maganarta ya take. Ni ma haka na ɗauka, na kuma riƙe shi a zuciya shekara da shekaru. Ba ta sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Gaskiya rigima ta kwanta. Mai raguna ya koma yi musu wanka sai salla ta matso, ni na koyi tara ruwan ɗauraya in yi shara da shi. Miya ta ci gaba da zagaya sassa. Kowa ya ce Yaya ya yi dabara.

Ɗakin Iya shi ne a can ƙuryar gida. Kafin ka kai sai ka wuce ta gaban sashen babban, inda yake zama a kujera da rediyonsa. Da farko ta aika wa maƙwabta cewa su zo, ruwa na nan. Wasu suka zo. Mace za ta shigo tana rakuɓe-rakuɓe, ta durƙusa ta gaida maigida, ta wuce da bokitinta kamar ta zo sata. Ga akwatin kontar a gefen famfo, ruwa na zuba allura na juyawa a kan idonta. Sai ka ga bokiti bai kai rabi ba ta rufe ta ce ya isa. Babu wanda ya taɓa hana kowa, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Babban ma cewa yake su ɗiba. Amma wadda ta zo sau ɗaya ba ta komowa.

Iya ma da kanta ta daina aikawa. Ran da faktir ta farko ta zo ta ƙulla kuɗi a gefen zane ta ba ni in kai. Aka dawo mata da su, har da ƙarin na goro. Ta juya su a hannu ta ce, “Ruwan da wani ke biya, ina ni ina kyauta da shi? Ladan nasa ne.” Na ce ai ɗanta ne, duk ɗaya ne. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Daga nan abubuwa suka riƙa zamewa a hankali, yadda ba mai lura sai wanda ke kusa. Turare ya daina fita, don masu sayensa matan layi ne, sai ta daina haɗawa. Labarin unguwa ya daina zuwa mata, sai an yi suna an watse ta ji. Ƙafafunta suka riƙe saboda zama. Aminiyarta ta bayan katanga, wadda suke raba goro tun suna amare, ta rasu, sai a kujera aka kai ta gaisuwa. Unguwa kuma ba ta tsaya jiran kowa ba: aka buɗe famfon sayarwa a bakin titi, masu hali suka ja nasu, saura suka koma wa 'yan ga-ruwa. Ni nakan je in zauna da ita in na sami sarari, in tsokane ta don ta rama. Wani lokaci ta rama, wani lokaci ta ce, “Uhm.” Wannan “uhm” ɗin ya fi zagi yi mini ciwo.

Shekaru suka wuce a haka. Wata rana da la'asar ina tankaɗe a tsakar sashenmu, babban ya zo bakin ƙofa ya kira mijina. Damuwa ce ta kawo shi. Ya ce ya lura kontar ɗin Iya kusan ba ya motsi, anya tana shan ruwa kuwa, ko a kai ta likita? Sannan ya ce, “Ni abin na ɗaure mini kai. Na zaci za ta ji daɗi. Ai kai ka kawo mini saƙonta lokacin, cewa ta sa albarka.”

Rariya ta tsaya a hannuna. Na dubi mijina na ce, “Wace albarka?”

Ya fara ƙifta mini ido. Na ce ba ido na tambaye shi ba, me ya faɗa ran nan? Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Na ce Iya ta ce a duba maganar famfon nan da kyau, Allah ya yi albarka.” Wai ba zai iya tsayawa gaban Yaya ya ce masa kada ya yi abu ba. Wai ya ɗauka Yaya zai gane.

Matar ƙane ba ta yi wa wan miji magana kai tsaye, balle ta ɗaga murya. Ban karya wannan ba. Na juya musu baya, na fuskanci katanga, na yi magana da mijina da muryar da na tabbata har zaure an ji. Na maimaita saƙon Iya kalma bayan kalma, har zancen zannuwa, don bai taɓa barin kaina ba. Na ce tsohuwa ta roƙi abu ɗaya tak a duniya, an mayar mata da shi godiya a hanya. Na ce tana can ƙurya tana ganin ɗanta ya ji ya ƙi. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ina yi ina kuka, garin tuwo duk ya ɓata mini fuska.

Da na waiwaya, babban yana zaune a kan turmina da ke kife, hularsa a hannu. Dattijo ne mai furfura a lokacin. Bai yi faɗa ba, bai dubi ƙanensa ba. Abin da ya ce kawai, “Kullum da safe ina bakin ƙofarta.” Ya sake faɗa, sannan ya tashi ya tafi. Tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar riƙon da na yi masa. Mijina kuwa mun yi kwanaki ba ma magana, amma ko shi na san ba mugunta ba ce. Ladabi aka koya masa, ladabin ya yi.

Shi ma babban ba shi da hanyar zuwa ya ba uwarsa haƙuri baki da baki, sai ya yi abin da zai iya. Cikin makon ya kawo mai gyaran famfo, aka ja tiyo daga layin Iya har bayan zaure, aka kafa sabon famfo daidai inda tsohon yake. Wannan karon ni ya aika, ta bakin matarsa: a gaya wa Iya saƙonta sai yanzu ya iso, famfo ya koma, kuma in tana so ita za ta riƙa biya. Na je na faɗa mata duka. Hawaye suka riƙa bin kuncinta. Can ta ce, “Ashe bai ji ba.” Sai ta ce in duba ƙarƙashin gado ko kaskonta na nan.

Na zaga unguwa gida gida ina sanarwa. Kowa ya ce madalla, Allah ya saka, za a zo. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe mini ƙofa ban ma san su ba, 'yan haya ne.

Ranar da ruwa ya zo da hantsi, ni da matar mai raguna muka riƙo Iya muka fito da ita. Ta sa aka ɗaura mata zanenta na salla. Muka shimfiɗa tabarma a gindin bedi, na hura mata gawayi a kasko, na buɗe famfo a cikin wani babban baho don a ji ƙarar ruwa daga waje. Ta zauna tana kallon ƙofar zaure. Inuwa ta matsa, muka matsar da tabarma. Wata tsohuwa ta leƙo ta gaishe ta, suka yi barka, amma ba ta zo da bokiti ba, ta ce jikanta ya ja musu nasu. Na ga babban ya fito ya zauna a zaure, wai shan iska yake yi.

Rana ta kusa tsaka sai ga wata matashiya da goyo, riƙe da bido biyu. Baƙuwa ce a unguwar, ta ji ana cewa akwai ruwa a gidan nan. Fuskar Iya ta washe, ta gyara zama, ta ce, “Lale, lale, mai goyo ce farko.” Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, sannan ta ce, “Iya, nawa ne bido?”

Iya ta ce, “Ɗebi, 'yata. Nan ba a sayarwa.”

Ta cika bidonta duka biyu. Da za ta tafi ta kwance bakin gyalenta, ta ajiye 'yan silalla a gefen tabarma. Na ce ta ɗauke, sadaka ce. Ta yi murmushi ta ce, “A'a Inna, ruwa da kontar yake yanzu. Ba zan cuci tsohuwa ba.” Ta saɓi kayanta ta fita.

Iya ta dubi kuɗin, ba ta taɓa su ba. Ta ce, “'Yar Dogo, mai da ni ciki.” Na ce ta ɗan ƙara jira, azahar ba ta yi ba tukuna, wasu na tafe. Ta miƙo mini hannu kawai. Na ɗaga ta, ban san ta rame haka ba sai ran nan. Da muka kai ɗaki na kwantar da ita, ta ce in koma in rufe famfon, ƙarar ruwan na damun ta.